Zaizayar ƙasa: wai me ya rage masana ba su gano ba har yanzu?

Ai an san ruwa ne ke kwashe ƙasa, wane bincike kuma ya rage?

Ai da saura sosai. Yadda abin yake faruwa kam an sani, ɗigon ruwan sama ya daki ƙasa ya warwatsa ta, ruwa mai gudu ya kwashe, inda ya taru sai ya fara yanka har ya zama kwazazzabo. Rigimar a wajen lissafi take. An daɗe ana yawo da cewa duniya na asarar tan biliyan 75 na ƙasa duk shekara, sai ga binciken wani masani mai suna Borrelli da abokan aikinsa a 2017 ya ce wajen biliyan 36 ne, ko da yake na farkon ya haɗa da wadda iska ke kwashewa, amma dai ka ga tazarar ba ta wasa ba ce.

To daga ina ake samo alƙaluman?

Yawanci ba aunawa aka yi ba, ƙiyasi ne. Akwai wani tsarin lissafi da ake kira USLE wanda Wischmeier da Smith suka fitar a Amurka a 1965 suka sabunta shi a 1978, an gina shi ne a kan ƙananan filayen gwaji masu tsawon mita 22 da gangare kashi 9 cikin ɗari, kusan duk a gabashin tsaunukan Roki. Shi ne har yau ɗaliban jami'o'inmu suke lodawa a kwamfuta su haɗa da hotunan tauraron ɗan adam su fitar da taswira mai kala-kala, nan ja nan kore, a ba su digiri, amma da wuya ka ga wanda ya koma gona ya auna ko abin da kwamfutar ta faɗa gaskiya ne. Ni a ganina nan ne babban giɓin. Shin lissafin da aka gina da ƙasar Amurka da ruwan Amurka zai yi daidai a jigawar Katsina ko Maraɗi? Kuma fa tsarin bai san da kwazazzabo ba sam, wankin saman ƙasa da 'yan ƙananan hanyoyin ruwa kawai yake ƙirgawa.

Kwazazzabon da ke cinye gidaje ba ya cikin lissafi kenan?

Ba ya ciki. Kuma shi ne ya fi damun mutane, tambayi 'yan garin Gombe ko na Nanka a Anambra. Bankin Duniya ya fara shirin yaƙi da zaizayar ƙasa a Najeriya mai suna NEWMAP da dala miliyan 500, daga baya ya kawo shirin farfaɗo da ƙasa mai suna ACReSAL na miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja, amma har yanzu babu hanyar da za a faɗa maka da tabbaci cewa bakin wannan ramin zai ci mita kaza bana. Sai ya yi shekaru shiru, ruwan dare ɗaya ya zabtare layi guda. Na cikin gari ma ya fi wuyar sha'ani don sau da yawa kwalbati ɗaya da aka saki bakinsa ba bisa ƙa'ida ba shi ke haifar da shi.

Ƙasar da aka kwashe ina take zuwa?

Ba duka ke kaiwa kogi ba. Wani masani, Stanley Trimble, ya bi diddigin haka a kwarin Coon Creek da ke jihar Wiskonsin ta Amurka, ya tarar mafi yawanta a cikin kwarin ta kwanta. A nan, nawa ke tsayawa a fadama, nawa ke shiga dam irin su Tiga da Bakolori? Akan bi sawunta da sinadarin siziyom-137 da gwajin makaman nukiliya ya watsa a shekarun 1950 da 1960, sai dai duk shekara 30 rabinsa ke ɓacewa, yana ta ƙara wuyar aunawa.

Idan ruwan sama ya ragu ai zaizayar ma sai ta ragu ko?

Haka hankali zai ba ka, amma Sahel ta ƙaryata. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 ruwan sama ya ragu amma ruwan da ke gudu a doron ƙasa ya ƙaru, a kewayen Yamai har ruwan rijiyoyi ya hau, koramu suka yi ta tura yashi cikin kogin Kwara. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne ciyayi da itatuwa sun tafi, saman ƙasa ya daskare ya zama fako, ruwa ya daina shiga. Abin da ake ta musu a kai shi ne laifin wa ya fi yawa, fari ne ko share daji don noma.

Yanzu kuma ga wata sabuwa, binciken wani masani mai suna Taylor na 2017 ya nuna yawan manya-manyan hadari a Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982. Ba yawan ruwan shekara ke yanka ƙasa ba, ƙarfinsa ne cikin minti 30, alhali yawancin ma'aunan ruwan da muke da su sau ɗaya ake duba su a rana, da safe.