Daga zaure zuwa aji: ra'ayoyin da suka yi wa karatun Kano jagora

Tun kafin a kafa allon bango ko ɗaya a Kano, malaman zaure sun riga sun amsa tambayar da masana falsafa ke ta ja-in-ja a kanta, wato ina ilimi yake zaune. A wurinsu a ƙirjin malami yake. Shi ya sa tun zuwan Wangarawa zamanin Sarki Yaji, har zuwan Shehu Magili zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) da ma bayansa, karatu ba ya karɓuwa sai an ɗauke shi baki da baki. Ɗalibi ya durƙusa ya ja baƙi, malam ya fassara, daga Ahalari zuwa Iziyya da Risala, mai nisan kwana ya kai Askari. Fiƙihu na Malikiyya, tauhidi na Ash'ariyya. Babu ƙararrawa, babu jarrabawa; ladabi da albarkar malam su ne takardar shaida.

A 1909 Baturen mulkin mallaka Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa da wani ma'auni daban: ilimi shi ne abin da zai yi wa hukuma aiki. 'Ya'yan sarakuna da malamai aka tara, don En'e, wato hukumar gargajiya, na neman masu rubutu da lissafi. Makarantar Shari'a ta 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ita kuma ta ɗora littattafan zaure a kan benci.

Malam Aminu Kano kuwa kallon makamin 'yantar da talaka ya yi wa karatu, har da 'ya mace, kuma da wannan aƙida ya tsaya wa makarantun Islamiyya a shekarun 1950.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsarin 6-3-3-4 na 1982, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a. Ruhinsa ra'ayin John Dewey ne, Ba'amurken nan mai cewa yaro da hannunsa yake koyo. Aka shigo da injinan koyon sana'a daga waje, da yawansu suka tsufa cikin akwati, ba wuta ba malami. Alhali ga marinar Ƙofar Mata nan, inda yara suka daɗe suna koyon rini hannu cikin baba, ba wanda ya taɓa karanta musu Dewey.