Wai awa nawa dokar 'yan sikawut ɗin Amurka ta ce yaro ya yi kafin ya zama Eagle?

In kana so ka ga manya sun ɗaga murya a taron masu sa kai na sikawut a Amurka, ba sai ka taɓo maganar kuɗi ba, kawai ka ce ga wani yaro can ya gama aikinsa na Eagle cikin awa talatin. Nan take za ka ji wani dattijo da ya shekara ashirin yana hidimar nan ya ce haba, wannan ai ba aiki ba ne, mu a wajenmu sai an cika awa ɗari, wani kuma daga gefe ya ce to nuna min inda aka rubuta awa ɗarin, shi ke nan sai musu ya kaure, a manta ma da yaron da ake magana a kansa. Abin dariyar shi ne dokar a rubuce take, kuma ba ta da wani tsawo, sai dai kowa da irin karatun da yake mata.

Ga wanda bai san harkar ba, ƙungiyar da ake magana an kafa ta a 1910 da sunan Boy Scouts of America, daga 8 ga Fabrairun 2025 kuma ta koma Scouting America. Yara 'yan shekara 11 zuwa 17 suna hawa matakai ne ɗaya bayan ɗaya, na kusa da ƙarshe sunansa Life, na ƙololuwa kuma shi ne Eagle, wato mikiya. Wanda ya fara samun sa shi ne Arthur Eldred a 1912, kuma Neil Armstrong da ya taka wata yana cikin masu shi, haka ma tsohon shugaban ƙasa Gerald Ford, shi ya sa iyaye suke ɗaukar abin da zafi. Tun 2019 'yan mata ma sun shigo, don haka duk inda na ce yaro a nan har da yarinya nake nufi. Sharuɗɗan sun haɗa da tara bajo 21 na ƙwarewa, da yin wata shida a matakin Life ana damawa da kai, da riƙe wani muƙami na wata shida a cikin runduna, wato rukunin 'yan sikawut da yaro yake ciki, duk kafin ranar da za ka cika 18. Amma sharaɗi na biyar, na aikin taimakon al'umma, shi ne wanda ake ta kai ruwa rana a kansa.

Abin da sharaɗin ya ce a taƙaice shi ne, lokacin da kake matakin Life, ka tsara wani aiki, ka raya shi, ka kuma jagoranci wasu wajen yin sa, aikin ya amfani wani wurin ibada ko makaranta ko al'ummar da kake ciki, ba ita ƙungiyar sikawut ɗin ba. Sai a amince da shawarar aikin kafin ka fara, sannan dole ka yi amfani da littafin aiki na ƙungiyar. Iyakarta ke nan fa. Babu awa a ciki, babu dala nawa za a kashe, babu cewa sai an yi gini.

To daga ina awa ɗarin ta fito? Littafin aikin yana da wurin da yaro zai rubuta awannin da shi da mataimakansa suka yi, ƙungiyar tana tara wannan ne don lissafinta na hidimar da aka yi wa jama'a, amma mutane da suka ga gurbin lamba sai suka ɗauka ai akwai makin cin jarrabawa. Wata runduna ta saba ganin yaranta suna yin ɗari da wani abu, shekara ta bi shekara, sai al'ada ta rikiɗe ta zama doka a bakin mutane. Kundin ƙungiyar na ƙarin matsayi, wanda suke kira Guide to Advancement, ya fito ƙarara ya ce babu mafi ƙarancin awa, kuma babu wanda ke da hurumin ya yanka wa yaro wani adadi. Har kalmar “wasu” ɗin nan da aka ce ya jagoranta sai da ya fassara, ya ce mutum biyu ne mafi ƙaranci ban da shi yaron, kuma ba dole su kasance 'yan sikawut ba, abokan makaranta ne ko maƙwabta ko 'yan uwa duk ya yi.

Kuma akwai wata jimla a farkon kundin nan wadda ni a ganina ita ce uwar duk maganar, ta ce babu majalisar yanki, babu kwamiti, babu gunduma, babu runduna, babu wani mutum ɗaya da yake da ikon ƙara wani abu a kan sharuɗɗan ko ya rage. Mutane sun fi riƙe ɓangaren ragewa, kowa ya yarda ba a yi wa ɗan wane sassauci, amma ɓangaren ƙarin nan shi ne yake yi wa masu sa kai ɗaci, don galibinsu ba da mugunta suke yi ba, kishin lambar ne, suna ganin in aka bari ta yi arha to ta zube. Na fahimce su. Sai dai ka duba ta ɗaya gefen, yaro a Tekzas an ce masa awa ɗari, wani a Ohayo an ce masa kawo zanen injiniya, wani kuma bai gamu da ko ɗaya ba, alhali duk lamba ɗaya za su rataya a ƙirji, ka ga an tashi daga ma'auni ɗaya an koma sa'ar wane sikawut masta, wato babban da ke kula da runduna, Allah ya haɗa ka da shi.

Inda musun yake da tushe na gaske shi ne wajen irin aikin. Dokar ta hana abubuwa kaɗan. Aikin da zai amfani ƙungiyar kanta, kamar gyara sansaninta, bai shiga ba. Na kasuwanci bai shiga ba. Aikin da tara kuɗi ne zalla, ko don wata gidauniya mai kyau ce, shi ma bai shiga ba. Sannan aikin yau da kullum, irin yankan ciyawar filin makaranta da dama can akwai mai yi duk mako, a bisa al'ada ba a karɓar sa. Wannan na ƙarshen ne yake da faɗi, domin me ya raba aikin yau da kullum da wanda ba shi ba? A ce yarinya ta ce za ta tara littattafai ta kai wa wani gidan marayu, in kwali ɗaya ta ajiye a ƙofar coci mutane suka zuba ta ɗauka ta kai, gaskiya babu jagoranci a nan, amma in ta nemi izini a makarantu uku, ta raba mutane rukuni-rukuni masu karɓa da masu tantancewa da masu jerawa, ta shirya motar ɗauka, ta warware rikicin da ya taso ranar da rabin mataimakanta ba su zo ba, to wannan ta yi abin da sharaɗin yake nema ko da ba a buga ƙusa ko ɗaya ba. Kundin ma ya ce ba dole ne aikin ya zama abin da zai daɗe ba. Duk da haka za ka samu masu cewa in babu benci ko rumfa da za a nuna bayan shekara goma to ba a yi komai ba, kuma ina jin shi ya sa benci ya yi yawa a harkar, yaro ya san shi ne abin da ba za a yi masa gardama a kai ba.

Sa hannu huɗu ake nema kafin a fara: na waɗanda za su amfana, na sikawut masta, na kwamitin runduna, sai na gunduma ko majalisar yanki wanda shi ne yake zuwa a ƙarshe. A nan yara suke yawan faɗawa rami, ɗoki ya sa su fara aiki kafin hannu na huɗu ya sauka. Manya kuma nasu ramin daban ne. Abin da ake sa wa hannu shawara ce, wato bayanin me za a yi, wa zai amfana, kusan nawa zai ci, ina haɗari yake, za a iya ko ba za a iya ba. Cikakken tsarin, mai ƙididdigar katako da jadawalin wa zai zo yaushe, yana zuwa ne bayan an amince, kuma na yaron ne, babu jami'in sikawut da yake sa masa hannu, ana dai ƙarfafa masa gwiwa ya nuna wa kocin aikin da aka haɗa shi da shi. Hikimar a fili take, kar yaro ya ɓata wata biyu yana tsara abin da za a zo a ce masa a'a. Amma sai ka ga kwamiti ya mayar da yaro gida sau uku wai sai ya kawo farashin kowace ƙusa tukuna, wanda wannan ƙari ne a kan sharaɗi ko da sunan taimako aka yi shi.

Kuɗi kuwa ƙa'idarsa gajeriya ce. In daga aljihun yaron ne ko iyayensa ko danginsa ko rundunarsa ko su masu amfanar, ba a buƙatar wata takarda. In za a fita neman gudummawa wajen wasu, akwai fom da ake cikewa a amince tukuna. Da sunan masu amfanar ake tarawa, abin da ya yi saura kuma nasu ne, ba na yaro ba ba na runduna ba.

Sai ranar aikin kanta, wadda ita ce ta fi ba ni sha'awa, don a nan dokoki biyu suke haɗuwa su matse babba a tsakiya. Aikin Eagle ana lissafa shi cikin ayyukan runduna, saboda haka dokar kare yara tana aiki, dole a samu manya biyu masu rajista 'yan shekara 21 ko sama da haka a wurin, kuma akwai kayan aikin da ba a yarda yaro ya riƙe ba, irin zarton inji na sare itace, sai babba. Wato dole babba ya zo, wani lokacin ma shi ke riƙe da injin, amma ba shi ne shugaba ba. Ka yi tunanin uba kafinta ne shekara talatin, yana tsaye yana kallon ɗansa ɗan 15 yana auna katako a karkace, dokar tana ce masa in ba haɗari ka gani ba to ka bari ya gano da kansa ko ya tambaye ka. Da wuya wallahi. Da yawa ba sa iyawa, sai su karɓe ragamar, aiki ya fito tsaf kamar na kamfani, a zo gaban kwamiti a tambayi yaro me ya sa kuka canja tsari a rana ta biyu ya tsaya yana kallon silin. Wannan tunanin na barin yara su ja ragamar junansu ba sabo ba ne, tun sansanin farko da Baden-Powell, wanda ya kafa harkar sikawut, ya yi a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907 ya kasa yara 20 gida huɗu, kowane da yaro a gaba. Don haka benci mai ɗan karkata da yaro ya jagoranta ya fi kusa da abin da sharaɗin yake nema a kan mai kyan da baba ya yi, kodayake masu makarantar da za a ajiye musu bencin ba lallai su yarda da ni ba, kuma su ma suna da bakin magana tunda ana neman sa hannunsu cewa an gama.

Daga nan sai kwamitin tantancewa, mutum uku zuwa shida, kowa ya kai 21, sikawut mastan yaron ba ya zama mamba, iyayensa ma haka, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya kafin a ce ya ci. Abin da yawancin iyaye ba su sani ba shi ne, in sikawut masta ko kwamitin runduna suka ƙi sa hannu a takardar neman Eagle, maganar ba ta mutu ba. Yaro ko iyayensa suna iya neman a zauna masa kwamiti na musamman da ake yi in an samu saɓani, wanda gunduma ko majalisa ke shiryawa ba runduna ba. In kwamiti ya ƙi shi, dole a ba shi dalili a rubuce, yana kuma iya ɗaukaka ƙara zuwa majalisar yanki, in bai gamsu ba har ofishin ƙasa. Wasu masu sa kai suna jin haushin wannan, suna cewa mu da muka san yaron shekara shida an tsallake mu an kai wa waɗanda ba su taɓa ganin sa ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ai wanda ya san ka shekara shida shi ne kuma zai iya riƙe ka a zuci shekara shida.

Abu ɗaya da babu wanda yake musu a kansa shi ne ranar haihuwa. Zaman kwamitin ana iya yin sa har wata 24 bayan yaro ya cika 18, amma aikin da bajojin da watannin muƙamin duk sai an gama su kafin ranar. Ana ba da ƙarin lokaci, sai dai don abin da ya fi ƙarfin yaro ne, kamar doguwar jinya ko kuskuren da wani babba ya yi masa, ba don ya yi sanya ba. Shi ya sa mayar da yaro gida sau uku kan farashin ƙusa ba ƙaramin abu ba ne in ya zo maka yana da 17 da wata tara.