Waiwaye: Yadda ruwan gishiri da sukari ya shiga gidajen Bangladesh

Duk damina, da zarar amai da gudawa sun ɓarke, sai muhawara ta taso: wasu su ce a ƙaro ledojin ƙarin ruwa da gadajen asibiti, wasu su ce a raba ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake damawa a ruwa a sha, gida-gida. Wannan gardama ta girmi yawancinmu, kuma Bangladesh ta daɗe da shan ta.

Farkon labarin sananne ne. A 1968 likitoci a Dhaka, babban birnin Bangladesh a yau, suka tabbatar cewa ruwan da aka haɗa da gishiri da sukari yana ceton mai kwalara ta baki, domin sukarin ne ke taimaka wa hanji ya tsotse gishirin, ruwa kuma ya bi shi. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin ƙasar, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare wa Dakta Dilip Mahalanabis a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon da ke Indiya, kusa da iyakar Bangladesh, sai ya sa dangi su riƙa shayar da majinyatansu. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne aikin BRAC, wata ƙungiya mai zaman kanta ta Bangladesh, daga 1980 zuwa 1990. Masana da dama na tsoron cewa uwar da ba ta yi boko ba za ta cika gishiri ta cutar da ɗanta, kuma tsoron yana da tushe. Sai BRAC ta tura 'yan mata ƙauye-ƙauye, su zauna da uwa a tsakar gidanta, ta ɗebi gishiri da yatsu uku, ta damƙi mazarƙwaila cikin tafi, ta dama a rabin litar ruwa. Da hannunta za ta haɗa, a gaban mai koyarwa.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta biyan albashi. Bayan kamar wata guda, wani mai bincike daban zai zaɓi wasu gidajen ya koma, ya yi wa uwar tambayoyi, ya sa ta sake haɗawa, a kai ruwan ɗakin gwaji a auna gishirinsa. Gwargwadon abin da uwar ta riƙe, gwargwadon kuɗin mai koyarwa. Wa zai yi sauri ya wuce gida na gaba alhali ladarsa na rataye da fahimtar wannan baiwar Allah? Haka aka bi gidaje kusan miliyan 12.

Wanda ya galabaita har ba ya iya sha, dole a garzaya da shi asibiti, wannan ba ja. Amma yaro yakan kai ga haka ne bayan sa'o'in da aka ɓata a gida ba a san me za a ba shi ba. A Bangladesh, kusan yara 8 cikin 10 masu gudawa suna samun ORS. A Najeriya, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu 4 cikin 10.