Fim a kan makaɗi: abin da darakta a Jos ya kamata ya sani kafin ya kunna kyamara

Matasan Jos masu son shirya fim da kuɗin aljihunsu a kan rayuwar mawaƙi ko makaɗi sukan yi waɗannan tambayoyi. Ga amsoshinsu.

Ai finafinan Hausa duk akwai waƙa a ciki. Mene ne sabo a nan?

A yawancin finafinan da muka saba gani, za ka iya yanke waƙar ka ajiye gefe, labari ya ci gaba ba abin da ya ragu. Shi kuwa wannan, in ka cire waƙa ɗaya sai mai kallo ya rasa dalilin da ya sa uba ya kori ɗansa, ko me ya dawo da matar gida. Saboda haka tun a takardar labari ake rubuta inda kowace waƙa za ta shigo, wa zai rera ta, da abin da za ta sauya. Wadda ba ta sauya komai ba, ko ta kai zuma daɗi, a bar ta wa faifan mawaƙin.

Me ake fara yi, naɗar waƙa ko ɗaukar hoto?

Waƙar da za a ga mutum yana rerawa, ita ake fara gamawa a sutudiyo. Ranar ɗauka sai a sake ta a lasifika, jarumi ya riƙa bin ta da baki, abin da 'yan fim ke kira mamin. Dalili kuwa shi ne fitowa ɗaya ana ɗaukar ta sau da yawa, daga nesa, daga kusa, daga gefe. In kowane karo jarumi da saurinsa yake rerawa, edita ba zai iya haɗa gutsattsarin ba, baki zai riƙa saɓa wa murya. Kuma a ba jarumi waƙar tun da wuri ya haddace har inda mawaƙin ke jan numfashi. Ya rera da ƙarfi lokacin ɗauka, kada ya tsaya motsa leɓe kawai, domin jijiyar wuya ba ta ƙarya, mai kallo yana lura.

Kiɗan da ke tafiya ƙarƙashin magana kuwa, shi sai an gama tace hoto. A lokacin ne makaɗi zai zauna da darakta su kalli fim ɗin, su ga inda ke son kiɗa da inda ke son shiru. Wurin shirun ne aka fi samun gardama, don makaɗi da wuya ya yarda a bar minti ɗaya ba aikinsa a ciki.

Ba za a iya naɗar kiɗan kai tsaye a lokeshan ba?

Za a iya, kuma ga kiɗan gargajiya wani lokaci shi ya fi. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna, shi kaɗai da muryarsa. Irin wannan kiɗa hannu da baki tare suke tafiya, makaɗin kan ƙara baiti ko ya rage gwargwadon yadda 'yan kallo suka karɓa. In ka ɗaure shi da mamin, sai ya ƙage. Amma sai an shirya: janareta ya yi nisa, makirfo na murya daban na kayan kiɗa daban, kyamara biyu in da hali, a kuma guje wa lokacin kiran salla da hayaniyar kekuna, musamman wajen Bauchi Road ko Terminus. Duwatsun Shere da Riyom suna da kyau a hoto, sai dai iskar hunturu a can tana cika makirfo da huci. Sanyin Disamba da Janairu kuma kan dushe murya, yana taɓa sautin fata da tsirkiya, don haka a ɗan jira rana ta ɗaga.

Me zan nema daga mai sutudiyo?

Ya naɗa a kan 48 kHz, wanda shi ne ma'aunin sautin fim, ba 44.1 na faifan CD ba. Sannan kada ka karɓi waƙa a dunƙule kaɗai. Ka ce ya raba maka: murya, amshi, kalangu, fiyano, kowanne a fayil ɗinsa. Gobe in jarumi yana magana a tsakiyar waƙa, sai a sassauta muryar mawaƙi a bar kiɗa yana tafiya.

Mawaƙi zan ba jarumta, ko jarumi zan ara wa murya?

In fim ɗin kiɗan hannu ne, nemi wanda ya iya kiɗan ka koya masa wasa. Yatsun da ba su san garaya ba, duk Bahaushe zai gane su.

Na biya mawaƙi. Waƙar ta zama tawa ke nan?

Ba lallai ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ce miƙa haƙƙi ga wani sai a rubuce. Kuma haƙƙi biyu ne a waƙa: na wanda ya tsara baiti da kari, da na sautin da aka naɗa. A rubuta wa ke da wanne, wa zai ɗora waƙar a intanet, kuma yaushe. Sau da yawa mawaƙi kan riga furodusa kai waƙa ga masu rarrabawa, ranar da fim ya hau YouTube sai na'urar shafin ta nuna kiɗan na wani ne, kuɗin talla ya karkata can.

Tsofaffin waƙoƙi ma ba na banza ba ne. Kariyar tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai waƙa. Mamman Shata ya rasu a 1999, ka ga da sauran tafiya. Izini wurin magada ake nema.

Ina ake koyo, ina kuma ake kai fim in an gama?

Hedikwatar Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, a nan Jos take, kuma makarantarta ta koyar da aikin fim ma a nan take, inda za ka iya samun ɗalibai masu hannu a harkar sauti. Kafin a nuna fim ga jama'a sai hukumar tace finafinai ta ƙasa, mai hedikwata a Abuja, ta duba shi. In kana son kasuwar Kano, jihar tana da tata hukumar tun 2001, kuma tana duba waƙa kamar yadda take duba hoto, don haka ka karanta baitocinka da wannan a rai tun kafin a naɗa. Bikin finafinai na Zuma da ake yi a Abuja shi ma wuri ne da ƙaramin fim zai iya gwada sa'arsa.