Tashin tsere da dabarun canjin taya a wasannin shugabancin ƙungiyar tseren motoci

Wasan shugabancin ƙungiyar tseren motoci nau'i ne na wasan bidiyo wanda mai wasa ba ya taɓa sitiyari a cikinsa. Kujerar shugaban ƙungiya ake ba shi. Shi ke ɗaukar direbobi da injiniyoyi, shi ke ware kuɗin ƙera mota, ranar tsere kuma ya zauna gaban allon alƙaluma yana ba da umarni, kwamfuta na yin tuƙin. A irin wannan wasa, tashin tsere shi ne lokacin da mai wasa ya fi rashin iko, domin duk abin da zai iya yi ya riga ya yi shi kafin motoci su motsa.

Asali

Kamfanin MicroProse ya fitar da Grand Prix Manager a 1995, ya bi shi da kashi na biyu a 1996, sannan Grand Prix World a 1999. Daga nan harkar ta yi sanyi na tsawon shekaru. Ta farfaɗo a 2014 lokacin da Christian West ya fitar da Motorsport Manager a wayar hannu. A 2016 kamfanin Playsport Games da ke Guildford a Ingila ya yi na kwamfuta, Sega ya rarraba shi. Wannan wasa ba shi da lasisin Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, saboda haka ƙungiyoyinsa da direbobinsa duk ƙirƙirarru ne. Frontier Developments na Cambridge kuwa ya sami lasisi, ya fitar da F1 Manager a 2022, 2023 da 2024, da sunayen direbobi da filayen tsere na gaskiya.

Yadda ake tashi

Wasannin sun kwaikwayi tsarin Formula 1 ne. Kafin ranar tsere ana yin zagayen neman gurbi, wanda ya fi kowa sauri ya tsaya a gaba, sauran su jeru a bayansa, tsakanin gurbi da gurbi mita 8. Motoci sukan yi zagaye ɗaya a hankali don ɗumama taya da birki, su dawo kowa ya tsaya a gurbinsa. Sai jajayen fitilu 5 su kunnu ɗaya bayan ɗaya. Da sun mutu gaba ɗaya, tsere ya fara. Wanda ya motsa kafin nan ana hukunta shi.

A fili na gaskiya, direba ne ke sakin kuloci da yatsunsa, ya taka totur daidai yadda taya ba za ta yi ta juyawa a banza ba. A wasa, lissafi ne ya maye gurbin yatsun. Kwamfuta tana haɗa makin ƙwarewar direba, da nau'in tayar da ke ƙafar motar, da nauyin mai, da yanayin kwalta, ta ƙara ɗan abin da ba a iya hasashe, sannan ta fitar da sakamako. Shi ya sa mutum zai iya maimaita tsere ɗaya da shiri ɗaya, yau direbansa ya wuce mota 3 kafin kwanar farko, gobe a wuce shi. Masu wasa da yawa na ganin wannan rashin adalci ne. Ba lallai ba ne, domin tashi na gaskiya ma haka yake. A Singafo a 2017 Sebastian Vettel ya tashi daga gurbin farko, amma kafin a kai kwanar farko ya yi karo da Max Verstappen da Kimi Räikkönen, dukansu uku tserensu ya ƙare a zagayen farko.

Abin da ke hannun mai wasa abu uku ne: tayar da zai fara da ita, yawan man da zai zuba, da umarnin tuƙi na zagayen farko. Umarnin na hawa-hawa ne, daga lallaɓa taya zuwa kai farmaki, kuma injin ma yana da nasa matakan. Galibin gogaggun masu wasa sukan buɗe komai zuwa ƙarshe a zagaye 1 ko 2 na farko, sannan su sassauta. Dalilin a bayyane yake. Ba a sake samun motoci a cunkushe wuri ɗaya kamar a lokacin, kuma matsayin da aka samu cikin sakan 10 na farko yana iya cin zagaye 15 kafin a same shi daga baya. Farashinsa shi ne taya ta yi zafi fiye da kima, mai ya ragu, haɗarin karo kuma ya ƙaru. Wanda ya manta ya sassauta, zai ga tayarsa ta cinye tun tsere bai je ko'ina ba.

Taya

Nan ne zuciyar lamarin take. Tun 2011 kamfanin Pirelli kaɗai ke ba Formula 1 taya, kuma a kowane tsere akan kawo nau'i uku na busasshen titi: mai laushi da jan zane, matsakaiciya da rawaya, mai tauri da fari. Akwai kuma mai koren zane don yayyafi da mai shuɗi don ruwa mai ƙarfi. Mai laushi ta fi kama kwalta, don haka ta fi sauri kuma ta fi kyau wajen tashi, amma ba ta daɗewa. Mai tauri tana da jinkirin ɗaukar zafi, sai dai tana kai mutum nesa. Doka ta tilasta amfani da aƙalla nau'i biyu a tseren da ba ruwa, wato dole kowa ya tsaya ko da sau ɗaya.

Canjin tayar kansa ba ya cin lokaci. Kanikawan ƙungiyar McLaren sun yi shi cikin sakan 1.80 a Katar a 2023. Abin da ke cin lokaci shi ne shiga da fita daga layin kanikawa, inda ba a yarda a wuce kilomita 80 a awa ba, a Monako ma 60. Idan aka haɗa, tsayawa ɗaya takan ci sakan 20 da ɗoriya a yawancin filaye. Tambayar da mai wasa ke amsawa kafin kowane tsere ita ce: sabuwar taya za ta iya maido da waɗannan sakan ɗin kafin a gama? In za ta iya, tsayawa biyu ta fi ɗaya. In ba za ta iya ba, gara a lallaɓa tsohuwar. Allon wasan yakan nuna wannan da layuka masu gangarowa, kowane layi na nuna yadda taya za ta ƙare zagaye bayan zagaye.

Sai dai lissafin allo bai san da cunkoso ba. Dabarar da ta fi shahara ita ce riga abokin hamayya shiga, wadda masu harkar ke kira andakat. Wanda ke baya ya shiga da zagaye ɗaya kafin na gabansa, ya fito da sabuwar taya ya zuba gudu, kafin na gaban ya shiga ya fito an riga an wuce shi. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Haka Vettel ya ƙwace tseren Singafo na 2019 daga hannun abokin ƙungiyarsa Charles Leclerc. Amma dabarar na juyewa kan mai ita idan ya fito bayan motar da ba a iya wucewa. A Abu Dhabi a 2010 ƙungiyar Ferrari ta kira direbanta Fernando Alonso ya canja taya da wuri don ya tare abokin hamayyarsa Mark Webber, sai ya maƙale bayan Vitaly Petrov har ƙarshen tsere, ya zo na 7, kambun duniya ya tafi hannun Vettel. Wasannin suna koyar da wannan darasi da zafi, shi ya sa suke nuna wa mai wasa inda motarsa za ta faɗo idan ya tsaya yanzu.

Mai, ruwa da motar tsaro

An hana ƙara mai a tsakiyar tseren Formula 1 tun 2010, don haka a F1 Manager abin da aka zuba da farko shi ke nan. Mai nauyi ne, kuma ƙiyasin da injiniyoyi suka saba yi shi ne kilo 10 na cin kusan kashi 3 cikin 10 na sakan a kowane zagaye. Wasu sukan rage mai don motar ta yi sauƙin tashi, su rama da tattali daga baya. A Motorsport Manager kuwa akwai gasannin da aka yarda a ƙara mai, abin da ke sa a iya tashi da tanki kusan wofi.

Motar tsaro, wadda ke fitowa ta rage wa kowa gudu idan an yi haɗari, tana rage asarar tsayawa sosai, domin sauran motoci na tafiya a hankali. Matsalar ita ce kowace ƙungiya mota biyu gare ta amma wurin canji ɗaya. In aka kira su tare, ta biyu sai ta jira.

Ruwan sama ya fi komai rikita shiri. A Sochi ta Rasha a 2021 Lando Norris na kan gaba, saura zagaye kaɗan, ruwa ya sauko. Ya zaɓi ya zauna kan tayar busasshen titi, ya ƙare na 7, Lewis Hamilton da ya canza ya ci nasararsa ta 100. A wasa akwai ma'aunin jiƙar titi da hasashen yanayi, kuma a Motorsport Manager ingancin hasashen ya danganta da ginin da ƙungiya ta kashe wa kuɗi a hedikwatarta. Ma'ana, shawarar da aka yanke a ofis watanni da suka wuce ita ke nuna wa mutum ko zai ga hadari kafin ya iso.

Wani abin da Motorsport Manager ya keɓanta da shi shi ne shugabannin ƙungiyoyi na jefa ƙuri'a kan dokokin kakar da ke tafe. Ana iya zaɓar hana ƙara mai, ko sauya rabon maki, ko jera motoci a juye ta yadda masu ƙarfi za su tashi daga baya. Shugaban ƙaramar ƙungiya da ya tara ƙuri'unsa ya ci wannan zaɓe, zai iya samun motarsa a sahun gaba duk tsawon kaka ba tare da ya ƙara mata gudun ko sakan ɗaya ba.