Mene ne Vireya? Furen ƙasashen zafi da ba ya son zafi

Vireya suna ne da masana tsirrai da masu lambun furanni ke kiran wani rukuni na tsirrai masu fure da ake kira rododendiron, wato waɗanda galibinsu ke tsibiran kudu maso gabashin Asiya. Jinsin Rhododendron gaba ɗaya yana da nau'i sama da 1,000, akasarinsu a tsaunukan Himalaya da kudu maso yammacin ƙasar Sin, inda ake ƙanƙara. Sama da 300 daga ciki su ne Vireya, kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan. Carl Ludwig Blume ne ya raɗa sunan a 1826 don karrama Julien-Joseph Virey, wani Bafaranshe masanin haɗa magunguna. Shekara 4 kafin nan, a 1822, William Jack ya riga ya bayyana nau'i na farko, Rhododendron malayanum, wanda ya samo a Sumatra.

Da an ce "na ƙasashen zafi" sai mutum ya zaci tsiro ne mai jure rana irin ta Sakkwato. Nan ne kuskuren yake. Galibinsu suna zaune ne a kan duwatsu masu tsawon mita 1,000 zuwa 3,000, cikin dazukan da hazo ba ya rabuwa da su, kuma duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Kaɗan ne suka sauko gaɓar teku. Wasu sun haura har kusan mita 4,000, kamar R. saxifragoides (R. na nufin Rhododendron) da ke kwanciya tamkar matashin kai a fadamun ƙololuwar tsaunukan tsibirin Niyu Gini. Abin da suka sani shi ne rana mai ɗumi, dare mai sanyi, ruwan sama kusan kullum, ba rani ba hunturu.

Ana gane su da abu biyu, kuma duka sai an sa gilashin ƙara girma. Na farko ƙananan ɓawo-ɓawo ne a bayan ganye, wasu zagayayyu, wasu kamar tauraro, wasu a tsaye kan ɗan kara. Siffarsu na cikin abin da ake raba nau'i da nau'i da shi. Na biyu ya fi muhimmanci, shi ne irin. Ƙwayar ƙarama ce ƙwarai, ba nauyi, kuma tana da siririyar jela a kowane ƙarshe. Idan kwanso ya bushe ya tsage, iska ce ke ɗibar ta, jelar kuma ta maƙale a gansakukar da ke jikin reshen bishiya. Shi ya sa da yawa daga cikinsu a kan bishiya suke rayuwa. Amma kada a haɗa su da kauci. Kauci yana huda bishiya ya sha ruwanta, Vireya kuwa wurin zama kawai take ara, abincinta ruɓaɓɓen ganye ne da ruwan sama, tare da taimakon wata ƙwayar fangas da ke zaune cikin siraran saiwoyinta.

Idan aka dubi taswira, iyakarsu ta arewa maso yamma ita ce gabashin Himalaya, inda R. vaccinioides take, sai kudancin Sin da Biyetnam, sai R. kawakamii a Taiwan. Nau'ukan da ke waɗannan wuraren ba su da yawa. A cikin tsibiran, Borniyo tana da sama da 50, Sulawesi kusan 30. Dutsen Kinabalu na Borniyo kaɗai, mai tsawon mita 4,095, yana ɗauke da sama da 20, wasunsu babu su a ko'ina sai nan. Niyu Gini kuwa tana da sama da 150, wajen rabin rukunin duka. Daga nan sai su yi ƙaranci zuwa tsibiran Solomon, sai nau'i 2 rak a Ostareliya, R. lochiae da R. viriosum, a duwatsun arewacin Kwinsland.

An daɗe ana ɗauka cewa inda nau'i ya fi yawa nan ne tushe. Bisa wannan tunani wasu suka ce ƙila Vireya tsohuwar tsiro ce ta kudu, wadda ta taho tare da ƙasar Ostareliya da Niyu Gini tun rabuwar babbar nahiyar Gondwana. Binciken ƙwayoyin gado ya juya maganar. Aikin da Loretta Goetsch da Lyn Craven da Benjamin Hall suka fitar a 2011 ya nuna cewa rassan zuriyar da suka fara rabuwa su ne na babban yankin Asiya da na yamma, na Niyu Gini da Ostareliya da Solomon kuma ƙannen baya ne. Ashe tafiyar daga yamma ta nufi gabas. Shi kansa jinsin Rhododendron ɗan arewa ne: an tono ƙwayoyin irinsa da suka zama dutse a kudancin Ingila, masu shekara sama da miliyan 50. Vireya ba ta kai ko kusa da haka ba, yawancin rarrabuwarta ta auku ne cikin shekara miliyan 15 da suka wuce.

Wannan ya dace da tarihin ƙasar wurin. Tsaunukan tsakiyar Niyu Gini, har da Puncak Jaya mai mita 4,884, sababbi ne, 'yan miliyoyin shekaru da suka wuce suka taso sakamakon karon da farantin ƙasar Ostareliya, wato katafaren ɓangaren ɓawon duniya da take kai, ke yi da na tekun Pasifik. Tsiron da ba ya iya zama a kwari mai zafi, kowane dutse tsibiri ne a wurinsa. Iri ya faɗa kan wani dutse, ya rabu da danginsa, bayan dubban zuriya sai ya zama wani abu daban. Sa'an nan a zamunan ƙanƙara yanayi ya yi sanyi, dazukan tsauni suka gangaro ƙasa suka haɗe, waɗanda suka rabu suka sake cuɗanya, da ɗumi ya dawo aka sake raba su. Har yau nau'ukan suna barbarar juna cikin sauƙi a daji, abin da ke wahalar da masu tantance su.

Akwai kuma layin Wallace, iyakar da ta raba dabbobin Asiya da na Ostareliya, wadda ta ratsa tsakanin Bali da Lombok, da tsakanin Borniyo da Sulawesi. Ko lokacin da teku ta ja baya da wajen mita 120, shekara 20,000 da suka wuce, wannan mashigin bai ƙafe ba, shi ya sa damisar Asiya ba ta isa Niyu Gini ba. Irin da iska ke ɗauka bai damu da shi ba.

Furen shi ne ya yaudari masana na da. Jan fure mai lanƙwasasshen bututu na tsuntsaye ne, kuma shi ya fi yawa can sama inda sanyi ya hana ƙwari sakewa. A yammacin yankin 'yan uwan sha-kauci ne ke wannan aiki. Fari mai dogon bututu da ƙamshi, irin na R. jasminiflorum, na malam-buɗe-littafin dare ne mai dogon baki. Ruwan ɗorawa da ruwan goro masu buɗaɗɗen baki, kamar R. macgregoriae, na malam-buɗe-littafin rana ne. An taɓa tara duk masu dogon farin bututu a gida ɗaya, sai binciken ƙwayoyin gado ya nuna ba uwa ɗaya ta haife su ba: siffar ta ɓullo sau da yawa a wurare daban-daban, saboda mai barbarar iri ɗaya ne. Sunan rukunin ma ana jayayya a kansa. George Argent na lambun tsirrai na Edinbura ya ɗauke shi ƙaramin jinsi mai suna Vireya, su Craven kuma suka ce sashe ne, sunansa na ƙa'ida Schistanthe. Masu lambu dai Vireya suke cewa.

Wanda ya fahimci wannan tarihi ya san dalilin mutuwarta a tukunya. Saiwar da ta saba da reshen bishiya tana son iska, idan aka sa ta a laka ko a babbar tukunya mai riƙe ruwa sai ta ruɓe, ganye ya yi yaushi, mai ita ya zaci ƙishirwa ce ya ƙara ruwa ya ƙarasa ta. Ana amfani da ƙaramar tukunya mai huji da yawa, a cika ta da gutsattsarin ɓawon itace da abin da ruwa ke zarcewa ta cikinsa nan take, mai ɗan tsami, ma'auninsa na pH tsakanin 5 da 6. Toka da farar ƙasa da ruwan rijiya mai kanwa suna kashe tsamin, sai sabon ganye ya koma rawaya jijiyoyinsa na kore, alamar ta kasa jan sinadarin ƙarfe. Ruwan sama ya fi. Taki kaɗan-kaɗan, mai ƙarfi yana ƙona saiwa. Irin ba ya ajiyuwa, cikin 'yan makonni yake mutuwa, don haka ana yafa shi a saman gansakuka mai laima da zarar kwanso ya buɗe, ba a binne shi. Kuma a nisanta ta da dabbobi: R. macgregoriae sananniyar guba ce ga dabbar da ta ci ganyenta a Niyu Gini.