Waiwaye kan ZIP, ƙullin da kowa ke iya kwancewa

Har gobe masu adana tsofaffin manhajoji da masu tura wa juna fayiloli ba su gama gardama ba kan abin da ya fi dacewa a matse kaya da shi a ƙulle wuri guda. Wannan ya ce 7z ya fi rage nauyi, wancan ya ce shi da RAR ya saba, wani kuma ya ce a bar wa ZIP aikinsa. Da Windows 11 ta fara buɗe RAR da 7z da kanta a 2023, zancen ya sake tasowa kamar jiya aka fara shi, alhali ya kai shekara 40 ana yinsa.

Tsada ce ta haifi gardamar. A shekarun 1980 a Amurka, mai kwamfutar gida yana karɓar manhaja ne ta layin tarho. Faifan fulofi ɗaya yana ɗaukar kilobayit 360, kuma modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, mai gudun 2400 sai ya yi kusan minti 25 kafin ya jawo abin da ke cikinsa, kuɗin waya na ta hawa, mutanen gida na jiran a saki layi. Duk abin da zai rage waɗannan mintuna, hannu bibbiyu ake karɓarsa. Thom Henderson ya fito da ARC, manhajar matse fayiloli da ƙulle su wuri guda, a 1985, ya mamaye ko'ina. Phil Katz na birnin Milwaukee ya rubuta PKARC mai saurin da ya fi haka, saɓani ya kai shi da masu ARC kotu, aka sasanta a 1988, Katz ya bar ARC ya fito da ZIP a 1989. Kowane gida kuma ya riƙe nasa: masu kwamfutar Macintosh suna da StuffIt na Raymond Lau, masu kwamfutar Amiga suka rungumi LHA da ya samo asali daga aikin Haruyasu Yoshizaki a Japan.

Masu ba da wannan labari sukan tsaya a shari'ar, su wuce wani ɗan fayil ɗin rubutu da ya fito tare da ZIP mai suna APPNOTE.TXT. A ganina nan ne hanya ta rabu. A cikinsa aka zayyana yadda ƙullin yake daga ciki dalla-dalla: inda sunan kowane fayil yake zama, inda aka rubuta girmansa, lambar da ake tantance ko ya lalace a hanya, da jerin sunayen kayan da ake ajiyewa a can ƙarshe. Sannan aka sanar cewa tsarin na kowa ne, duk mai so ya rubuta tasa manhajar da za ta ƙulla ko ta kwance, ba sai ya nemi izini ko ya biya ko sisi ba.

A lokacin mutane kaɗan ne suka damu da wannan. Abin da ake aunawa shi ne wa ya fi matsewa, ko da da kilobayit biyu ne, kuma ba a ga laifinsu ba tunda aljihunsu ne ke ji. Shi ya sa da Robert Jung ya kawo ARJ a farkon shekarun 1990 ya samu karɓuwa sosai, don yana iya yanka babbar manhaja gunduwa-gunduwa ya raba wa faifai da yawa. Wanda ya yi zamanin zai tuna zaman gaban kwamfuta da tarin faifai a gefe, ana zare wannan ana cusa wancan, na bakwai ya ƙi karantuwa, aikin yini guda ya tashi a banza. RAR na Eugene Roshal ya biyo baya a 1993, 7-Zip na Igor Pavlov a 1999, kuma dukansu suna iya fin ZIP matsewa.

Amma takardar nan ta ci gaba da aiki a ɓoye. Masu aikin sa-kai na Info-ZIP suka bi bayaninta suka kai ZIP kan kwamfutoci iri-iri da Katz bai rubuta wa komai ba. Daga cikinsu Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar da zlib, kayan aikin matse bayanai da masu rubuta manhaja ke sakawa a cikin nasu, a 1995, a 1996 kuma aka wallafa bayanin Deflate, dabarar matsewar ZIP, a cikin takardun ƙa'idojin intanet. Wannan ne ya sa fayil ɗin ZIP na 1993 yake buɗuwa a wayar hannu yau ba wata wahala, yayin da mai tsohon fayil ɗin StuffIt ko ARC sai ya yi cigiyar abin da zai buɗe masa. Abin yana damuna, don a cikin irin waɗannan ƙulle-ƙulle akwai wasannin da ɗalibai suka rubuta a ɗakunan kwanansu, da wasiƙu, da aikin mutanen da ba sa raye.

Mu ma da muka shigo harkar a makare muna cin gajiyarta kullum. Takardar Word mai ƙarewa da docx, littafin EPUB, da manhajar APK da ake tura wa juna waya zuwa waya ta Xender a kasuwar Farm Centre ta Kano, duk ZIP ne aka sauya wa suna. Ka ɗauki kwafin ɗaya daga cikinsu ka mayar da ƙarshen sunansa zuwa zip, zai buɗe ka ga kayan da ke ciki. In ka leƙa farkon fayil ɗin kuwa, haruffa biyu za ka fara gani, P da K, farkon sunan Phil Katz.